Jinin Cibiya: A Binne Ko A Ajiye?

Ran wata Litinin cikin hunturun bara, bayan an tashi daga makaranta, wani uba ya tsaya a bakin ajinmu yana jujjuya hularsa a hannu. Mun san shi sarai. Ɗansa yana aji huɗu, yaro mai kaifin kai wajen lissafi, amma da wuya wata ya wuce kujerarsa ba ta zauna wofi ba. Yaron yana da amosanin jini, wato sikila. In sanyi ya shigo sai gaɓoɓinsa su kama ciwo, ya kwana yana kuka, gari ya waye a kai shi asibiti.

Bayan mun gaisa sai uban ya ce, "Malam, gafara dai, wata magana ce ta kawo ni. Ƙanwata da ke Ingila ta bugo waya. Ta ji uwar yaran nan tana da ciki, ta ce kada mu kuskura mu bari a binne cibiyar jaririn, wai akwai maganin wansa a ciki. Ni kuwa kaina ya ɗaure. Ku da kuke karance-karance, gaskiya ne?"

Muka roƙe shi ya ba mu 'yan makonni. Muka karanta abin da muka iya samu, muka kuma zauna da wata likitar yara da muke sujada tare. Abin da muka tarar shi ne muke so mu shimfiɗa wa masu karatu, gama mun tabbata ba wannan gida kaɗai ne irin wannan waya za ta iske ba.

Abin da ke cikin igiyar

Kowa ya san yadda ake yi a gidajenmu. In mace ta sauka, ungozoma ta yanke cibiya, sai a wanke mabiyiya a haƙa rami a bayan ɗaki a binne. Har ma in mutum yana so ya nuna asalinsa yakan ce, a gari kaza aka binne cibiyata. Ba wanda ya taɓa damuwa da ɗan jinin da ya rage cikin igiyar da mabiyiyar, wanda yawansa bai fi cikin ƙaramin kofin shayi ba.

Ashe wannan ɗan jini ba kamar sauran jini yake ba. Jinin da ke gudu a jikinmu kullum tsufa yake yi yana mutuwa. Jar ƙwayar jini ba ta wuce kamar kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne kawai. To, ina sabon yake fitowa? Daga ɓargo. A cikin ɓargon ƙashi akwai waɗansu ƙwayoyi 'yan kaɗan waɗanda aikinsu shi ne haifar sauran ƙwayoyin jini duka, ja da fari. Bari mu kira su ƙwayoyin iri, domin kamar irin shuka suke: manomi yana cin dawa duk shekara, amma ɗan abin da ya keɓe a rumbu shi ne gonar baɗi. Jinin cibiyar jariri cike yake da waɗannan ƙwayoyin iri. In aka ɗura su cikin jijiyar wanda ɓargonsa ya lalace, da kansu suke neman hanya su shiga ƙashi, su zauna, su soma yin sabon jini.

Ɗibansa ba wuya. Bayan an ɗaure igiyar an yanke, sai a soka allura a ɓangaren da ke haɗe da mabiyiya, jinin ya tsiyaye cikin jaka irin ta bankin jini. Minti biyar zuwa goma an gama. Uwa ba ta jin zafi, jariri ma ba a taɓa shi. Wuyar tana gaba. Dole jakar ta isa ɗakin gwaji cikin kamar kwana biyu, a auna ta, a tabbata ba cuta, a ƙirga ƙwayoyin, sa'an nan a daskarar da su a saka cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. A cikin irin wannan sanyi an narkar da waɗansu bayan fiye da shekara 20 aka tarar suna da rai.

Yaron da aka kai Faris

A watan Oktoba na 1988 aka fara gwada abin a jikin mutum. Wani yaro ɗan shekara biyar daga jihar Karolina ta Arewa a Amurka yana da wata cutar gado mai kashe ɓargo, ana ce da ita Fankoni. Da aka haifi ƙanwarsa lafiyayya, sai wani masani mai suna Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiyana ya daskarar da jinin cibiyarta. Aka ɗauki yaron da jinin zuwa asibitin Saint-Louis a Faris, inda likita Eliane Gluckman ta yi dashen. Yaron ya warke, ya girma, har ya zama magidanci. Daga wannan rana zuwa yau an yi irin wannan dashe fiye da sau 40,000 a duniya, yawanci domin kansar jini da cututtukan jini na gado.

Saboda haka maganar ƙanwar mutumin nan ba tatsuniya ba ce. Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya cikin labarin yaron Faris, domin a kansa sauran maganarmu za ta rataya: ba jinin cibiyarsa ne ya warkar da shi ba. Na ƙanwarsa ne.

Banki iri biyu

A ƙasashen da abin ya kafu, wurin ajiya iri biyu ne. Akwai na jama'a, wanda uwa take ba da jinin kyauta, a rubuta shi cikin rajista, duk mai bukata a ko'ina a duniya wanda jikinsa ya dace a ba shi. Na farkon irinsa Pablo Rubinstein ne ya kafa shi a cibiyar jini ta New York a 1992. Akwai kuma na kamfanoni, inda iyaye suke biya domin a ajiye wa gidansu kaɗai. A Amurka kuɗin farko yakan kai wajen dala 1,500 zuwa 2,500, sa'an nan kowace shekara a biya kuɗin ajiya, dala ɗari da wani abu ko fiye. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira da kansa.

Na jama'a ya taɓa ceton ɗan ƙasarmu. Seun Adebiyi, haifaffen Nijeriya, ya gama karatun lauya a Jami'ar Yale a 2009, sai aka tarar yana da kansar jini. Aka duba rajistar masu ba da ɓargo ba a sami wanda ya dace da shi ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama a Amurka Bature yana da zarafin samun wanda ya dace kamar takwas cikin goma, baƙin mutum kuwa kamar uku ne, domin namu ba su da yawa cikin rajistar. Abin da ya cece shi a 2010 shi ne jinin cibiyar wani jariri wanda uwarsa ta bayar kyauta. Da ya tashi sai ya taimaka aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta Nijeriya a Inugu a 2012.

Na kamfanoni ne muke so iyaye su yi hattara da shi. Tallarsu tana da daɗin ji. Sukan nuna hoton jariri mai ƙiba yana murmushi, su ce wannan zarafi sau ɗaya yake zuwa a rayuwa, ku ajiye wa ɗanku inshora. Wace uwa ce mai ciki wata takwas za ta ji haka zuciyarta ba ta motsa ba? Amma ga abin da tallar ba ta cika faɗa ba. In yaro yana da cutar gado kamar sikila, cutar tana cikin jinin cibiyarsa ma, tun da jininsa ne. Mayar masa da shi kamar shuka irin da ƙwari suka riga suka ci ne. In kuwa kansar jini ce ta kama shi yana ƙarami, likitoci ba su son nasa, domin an gano cewa a waɗansu yara tushen cutar yana nan tun ranar haihuwa, kuma jinin wani dabam ya fi iya yaƙar ta. Ga shi kuma ƙwayoyin da ke cikin jaka ɗaya sukan ishi yaro ne, da wuya su ishi babban mutum mai nauyi. Waɗansu tallace-tallacen har suna ambaton shanyewar jiki ta yara da cutar galahanga. Ana bincike a kan waɗannan, amma ba a tabbatar jinin cibiya yana warkar da su ba.

Domin waɗannan dalilai ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, cikin jawabinta na 2007 da na 2017, ta ƙi goyon bayan a ajiye a kamfani don tsammanin wata rana kawai. Ta ce a ba bankin jama'a, sai fa in akwai wani a gidan mai cutar da dashe zai yi wa magani. Faransa kuwa, inda aka fara abin, ba ta ma yarda da bankin kamfani irin wannan a ƙasarta ba.

Akwai kuma maganar amana. Tulun nan ba ya riƙe sanyi da kansa har abada, sai ana ƙara masa naitirojin ana dubawa dare da rana, shekara da shekaru. A 2023 ma'aikatar lafiya ta Singafo ta gano cewa sanyin waɗansu tuluna na kamfanin Cordlife ya ragu, jakunkuna wajen 2,200 na tulu ɗaya suka lalace, alhali iyaye suna ta biyan kuɗi. Singafo ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu da muka san yadda firijin kanti yake kwana a garuruwanmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Lissafin gidan mai sikila

To, gidan mutumin da ya zo wurinmu fa? Su ne ainihin waɗanda likitoci suka keɓe, suka ce su abin ya shafa. Kuma ba ƙasar da maganar ta fi shafa kamar tamu. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato yana ɗauke da iri ɗaya na sikila ba tare da ciwo ba, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Shi ya sa ikilisiyoyi da yawa yanzu suke neman takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure. Amma wannan uba da matarsa sun yi aure ba a gwada su ba, kuma ba mu ga amfanin tone-tone a kan abin da ya riga ya wuce ba.

Dashen ɓargo yana warkar da sikila. An san haka tun 1984, sa'ad da aka ba da labarin wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe domin kansar jini, sai sikilarta ma ta tafi. In yaro ƙarami ne, mai bayarwar kuma ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya wanda ya dace da shi sosai, kimanin tara cikin goma sukan rabu da cutar, ko da ɓargo aka yi ko da jinin cibiya.

Dacewar nan ita ce ƙofa mai ƙunci. Ba maganar rukunin jini ba ce, A ko B ko O. Wani tambari ne da ke jikin ƙwayoyin kowane mutum, likitoci suna kiransa HLA, wanda jiki yake gane nasa da baƙo da shi. Rabi daga uba ake gadonsa, rabi daga uwa. Saboda haka zarafin 'yan'uwa biyu su zo da tambari iri ɗaya, ɗaya ne cikin huɗu. Muka ɗauki alli muka yi wa uban lissafin a kan allo, kamar yadda muke yi wa ɗansa. Shi AS, matarsa AS. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa SS, wanda ba zai iya ba wansa ba. Saura uku cikin huɗu, AA ko AS, dukansu za su iya bayarwa. Uku bisa huɗu sau ɗaya bisa huɗu, ya zama uku bisa goma sha shida. Wato in gidaje goma sha shida irin nasa suka biya kuɗin ajiya, kamar uku ne za su tarar abin da suka ajiye zai yi wa mai ciwon amfani.

Ya daɗe yana duban allon. Sa'an nan ya ce, "Uku ma ai ba banza ba ne, Malam." Gaskiyarsa. Wanda ya taɓa riƙe yaro yana murƙususu da tsakar dare ba zai rena uku cikin goma sha shida ba, mu ma ba mu rena ba.

Sai dai dashen kansa ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a ɗura sabon iri dole a kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi. Yaron zai yi makonni a keɓe cikin ɗaki, ba shi da garkuwar jiki, ƙaramar cuta tana iya kai shi kabari. Wani lokaci sabon jinin yakan juya ya yaƙi jikin da aka sa shi. Maganin yana iya hana haihuwa nan gaba. Waɗansu yaran sukan mutu a hanya. Jinin cibiya ya fi ɓargo sauƙi wajen yaƙar jikin nan, amma ya fi shi jinkirin kamawa. A ƙasarmu an fara dashen ɓargo ga mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin likita Nosakhare Bazuaye, an kuma soma yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya. Waɗansu sukan tafi Indiya. Ko'ina aka je kuɗin miliyoyin naira ne masu yawa. Kuɗin ajiyar jinin, ashe, kafin alƙalami ne kawai.

Amma ga maganar da ta fi kwantar mana da rai, wadda likitar nan ta nanata mana har sau biyu. In jaririn ya dace da wansa, ya dace ke nan har iyakar ransa. Ƙwayoyin irin ba su ƙare da cibiya ba, suna nan cikin ƙashinsa suna ƙaruwa. In ya yi ɗan wayo, jikinsa ya yi ƙwari, ana iya sa shi barci a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa da allura, cikin 'yan makonni jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Da ɓargon ɗan'uwa aka yi dashen Benin. Har waɗanda suka ajiye jinin cibiya ma, sau da yawa likitoci sukan tarar bai isa ba, su haɗa da ɓargon ƙanen. Yanzu ma an ƙware wajen yin dashe daga uba ko uwa, waɗanda rabin tambarinsu ne ya dace, abin da ya sa amfani da jinin cibiya ya ragu a asibitocin duniya cikin 'yan shekarun nan. Saboda haka uwar da aka riga aka binne cibiyoyin 'ya'yanta duka kada ta zauna tana cizon yatsa, tana cewa ta binne maganin ɗanta. Ba ta binne ba. Mai yiwuwa yana nan tsakar gida yana wasan ƙasa.

Minti ɗaya kafin a yanke

Akwai wanda ya fi kowa hakki a kan jinin nan, mun kusa mantawa da shi: jaririn da kansa. Sa'ad da ya faɗo, igiyar tana ci gaba da bugawa tana tura masa jini daga mabiyiya. In aka yi haƙuri ba a ɗaure nan da nan ba, zai sami ƙarin jini wajen mililita 80 zuwa 100, wanda ga ɗan mutum mai kilo uku ba kaɗan ba ne. Cikin wannan jini akwai sinadarin ƙarfe da zai tsare shi daga ƙarancin jini har wajen wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira aƙalla minti ɗaya, har zuwa uku, sai dai in jaririn bai yi numfashi ba ana bukatar a taimake shi da gaggawa. Abin lura shi ne, gwargwadon yadda aka jira, gwargwadon yadda abin da zai shiga jakar ajiya yake raguwa. In wani ya ce a yi sauri a yanke domin jaka ta cika, to, jaririn ne ya biya. A ƙasar da zazzaɓin sauro da ƙarancin abinci suke shanye jinin yara, mu a ganinmu wannan minti ɗaya ya fi tulun naitirojin amfani ga gidaje dubu, ga shi kuwa ba a biyan ko kwabo. Mace mai ciki ta yi maganarsa da ungozoma tun a wurin awo, kada ta bari sai naƙuda ta kama.

Tun da muna kan cibiya, bari mu roƙi kakanni mata abu ɗaya. Guntun da ya rage a cikin jariri ƙofa ce buɗaɗɗiya. Toka, da man goge baki, da gashi da tsumma mai datti, duk suna iya shigar da cuta, har da tetanas mai sarƙe haƙora. Akwai man shafawa mai suna kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti domin cibiya. Shi kaɗai za a shafa, kada kuwa ya kusanci ido.

Uban nan ya kai maganar wurin likitan jini a asibitin koyarwa da ke kusa da mu tun cikin yana wata bakwai, kamar yadda ya kamata duk mai irin wannan niyya ya yi, gama ba abin da ake shiryawa ranar haihuwa ba ne. Kamfanin da ƙanwarsa ta samo a ƙasar waje yake, sai an sa jakar a jirgin sama ta isa cikin kwana biyu. Suka auna kuɗin, suka auna nisan garinmu da filin jirgi, shi da matarsa suka yanke shawara ba za su ajiye ba. Ƙanwar ta ɗan ji haushi da fari, amma daga baya ta yarda ta juya abin da ta yi niyyar bayarwa zuwa maganin yaron na yau da kullum. Likita ya ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon, tare da folik asid da rigakafin zazzaɓi da gidan sauro.

Da damina ta yi tsaka aka haifi mace. Ungozomar ta jira har igiyar ta daina bugawa kafin ta ɗaure. Kakar yarinyar ta karɓi mabiyiya cikin ƙwarya ta kai gida ta binne a bayan ɗaki, inda aka binne na yayyenta. Gwaji ya nuna jaririyar AS ce, wato ƙofa ta fari ta buɗe. Saura gwajin tambarin, wanda suke tara kuɗinsa kaɗan kaɗan cikin adashen matan zumunta. Wan nata yana aji biyar yanzu. Zangon da ya wuce kwana huɗu kawai ya yi fashi.